Faratan Tuktuki

Haripada ya naɗe zomon cikin tawul, ya danne shi a cinya, ya zaro ƙafar gaba ya miƙa. Idonsa ya daɗe da mutuwa, amma hannunsa bai manta riƙo ba. Surukarsa Mitali ta tsuguna a gabansa da ɗan almakashi, ta ɗaga ƙafar a hasken taga don ta ga inda jijiyar jini ta tsaya a cikin farcen.

Zomon na Subir ne, mijin Mitali, ɗansa namiji tilo, wanda ke aiki a wata masaƙa a Surat. Da zai tafi ya damƙa Tuktuki a hannun uban, shi kuwa tsohon ya ɗauki amanar da muhimmanci fiye da jikan da ba a haifa masa ba. Makonni ya yi yana mita cewa faratan sun yi zaƙo-zaƙo, suna maƙalewa a tabarma, Mitali tana yin kunnen ƙashi. Yau da bakinta ta ce a kawo shi.

Gaskiya yarinyar ta sauya a 'yan kwanakin nan. Kullum da rana sai ta dafa kifi, ta ajiye masa kan a farantinsa, ta tsaya tana yi masa fifita har ya tsotse ƙashin. Ta shafa masa mai a kai da ƙafa. Shekaranjiya ma ta kira wanzami ya gyara masa gemu. Haripada bai yi mamaki ba, shi a ganinsa haƙurinsa ne ya biya, mace kuma komai taurin kanta wata rana sai ta san mai gida.

Almakashin ya yi ƙas, zomon ya zabura.

"A hankali, Bouma," in ji shi, da sunan da ake kiran matar ɗa. "Ba albasa kike yanka ba. Ina awarwaronki ne? Ban ji ƙararsu ba."

Ta ce ta cire su ne don kada ƙarar ta tsorata zomon. Ya yaba da wannan hankali, ya miƙa ɗaya ƙafar.

A duk garin Krishnanagar ba mai tsare al'ada kamar Haripada, kuma ba ya gajiya da faɗar haka. A gidansa ba a yanke farce ranar Talata ko bayan faɗuwar rana. Idan aka yi mutuwa a dangi, ba kifi, ba mai, ba aski, ba yankan farce sai an fita makoki, domin in na gida suka karya dokar, ran mamacin yawo zai yi ta yi babu masauki. Ya taɓa daina gaisawa da ƙanensa saboda an gan shi da kifi a kasuwa alhali gawar gwaggonsu ba ta huce ba.

A kan irin wannan ne suka ɓata da Mitali. Mahaifiyarta ta rasu ana tsakiyar bikin 'yarsa, kuma shi ya ɗauki wayar. Da a ce labarin ya shiga gidan, da dole a ɗage biki. Sai ya haɗiye maganar, ya bar ta ta yi kwalliya, ta ci, ta yi rawa da 'yan mata. Bayan an kai amarya ya kira ta ya faɗa mata, ya ƙara da cewa wanda bai sani ba ba shi da laifi sosai. Har yau yana ganin dabara ce ta manya, kuma ya tsani yadda ta riƙe abin a rai.

Mitali ta koma ƙafafun zomon na baya, inda faratan suka fi duhu. Ta zarce da almakashin har kan jijiyar. Tuktuki ya yi wata ƙara siririya, ya harba, jini mai ɗumi ya ɗiga a yatsan tsohon. Haripada ya zage ta da uwarta, ya tuna uwar ta mutu, bai janye ba. Mitali ta ɗebo garin alkama ta danna a wurin har jinin ya tsaya.

Ya ce bari Subir ya kira, sai ya ji abin da aka yi wa zomonsa. Yaron ma ya fara lalacewa, Lahadi ta wuce bai buga waya ba. Mitali ta ce ai aiki ne, ta saki zomon ya shige ƙarƙashin gado.

"Baba, kawo naka hannun, tunda almakashin na kusa."

Ya tambaya ko yau Talata ce, ta ce Laraba. Ya miƙa. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, a natse, ta koma na ƙafa, ta share ɓarɓashin ta zubar a waje. Ya shafa faratansa ya ji sun yi sumul, daɗi ya kama shi har ya yi niyyar yafe mata jinin zomon.

"Sai yanzu kika zama matar gida," in ji shi. "Idan Subir ya kira zan gaya masa."

Ta ajiye almakashin a kan taga, ta goge hannunta a bakin farin zanen takabar da ba ya iya gani.

"Ba zai kira ba, Baba," ta ce. "Inji ne ya kama shi. Abokan aikinsa sun ƙone gawarsa a Surat tun ranar da na fara dafa maka kan kifi."