Ranar da Na Rubuta "Arrivement"

Ina kolej a Matankari na rubuta "arrivement" a allo maimakon "arrival", don na ga "move" ya ba da "movement". Aji ya fashe da dariya, na ƙudurta na bar Ingilishi ke nan.

Da aka tashi, Mushe Garba, malaminmu, ya tsayar da ni yana karkaɗe alli daga hannunsa.

"Ɗiyata, kina cewa rubuta, rubutu. Me ya hana ki ce ɗinka, ɗinku?"

"Ai ɗinki ake cewa, Mushe."

"To, Ingilishi ma haka ne. Tunaninki daidai yake, kunnenki ne bai saba ba."

Ya rasu ban gaya masa cewa wannan maganar ce ta sa na zama malama ba.