Ludayin Baba

Da la'asar na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar da Baba a gindin aduwa, ƙwaryar fura a gabansa, bai taɓa ta ba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya ƙi sha da hagu. Ludayinsa mai ɗinkin baƙin zare yana kwance kusa da yatsunsa.

A ranar malaminmu ya koya mana cewa ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiyoyi kafin hannu ya motsa. Ni da nake jin kunyar magana gaban manya, na durƙusa na ce, "Baba, ba laifinka ba ne, hanyar saƙon ce ta yanke. Ka sha da hagu."

Ya dube ni. "Ke da malamin naku kun san hanyar? To, ku gyara ta mana."

Na ji kamar in fasa ƙwaryar. Sai na sa ludayin a tafinsa, na rufe yatsunsa masu sanyi da nawa, muka ɗaga tare. Rabin furar ya zube a rigarsa, ya shanye sauran.

Yau na san sunayen jijiyoyin hannun nan, amma haushin kasa gyara masa hanyar bai sake ni ba.