Ledar Da Ke Shan Rana

Ƙwan fitilar ya kama, saurayin ya miƙe zumbur.

Ya daɗe a ɗakin binciken nan, shi da abokiyar aikinsa, suna fama da wata siririyar leda ja wadda suke shafa wa sinadari don ta sha rana ta ba da wuta. Ya yi mata alkawari: ranar da ledar ta kunna fitila, ranar zai nemi aurenta. Damina ta wuce, wata ta zo, leda ko gezau.

Yau ga haske a bakin taga!

Ya durƙusa duba wayoyi, sai ga ƙaramin batir manne a ƙarƙashin tebur.

"Malama, wannan fa?"

Ta rufe fuska tana dariya. "Kai da ledarka ne masu haƙuri, Baba kam nasa ya ƙare. Jiya ma wani mai neman aurena ya zo gaishe shi."

"Bincike ba ya son ha'inci," ya ce, ya cire batirin.

Hasken ya dusashe, ya yi kamar zai tafi, amma bai mutu ba.