Ɗakin Cajin Mutari

Mijina Mutari caji yake yi wa mutane a Birnin Konni. Daga Malbaza da Badaguishiri ake kawo masa baturan mota, waɗanda ake kunna rediyo da talabijin da su a ƙauye. Yana da inbata, ƙaramin akwatin da ke mayar da wutar batir ta kunna fanka.

Dokarsa kowa ya haddace: jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, taga a buɗe, ba sigari, ba ashana. Ya ce batir in yana shan caji iska yake fitarwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tartsatsi ɗaya ya ishe ta kamawa da wuta. Inna Tsahara, mahaifiyarsa, kunnenta ya yi nauyi. In yana faɗa sai ta yi murmushi ta sa masa albarka.

Wata Juma'a a bazarar 1991, ƙanensa Chindo ya jona wayoyi ya tafi kasuwa. Mutari ya kishingiɗa a ɗakin cajin. Ina wajen rijiya na ji ƙarar fashewa. Akwai jarkar fetur a lungu. Kafin a ɓalle ƙofa, wuta ta gama da shi.

Waɗanda suka fito da shi sun ce ƙamshi suka ji cikin hayaƙin. Malamai suka ce alamar kyakkyawan ƙarshe ce. Da wannan na riƙe zuciyata.

Chindo ya rantse daidai ya jona, kuma a buɗe ya bar ƙofa da taga. Na ce masa a gaban mutane, "Kai ka kashe mini miji." Ya tsallaka Najeriya, bai dawo ba. Inna ta rasa 'ya'ya biyu, ni na zauna da ita.

Bana zafi ya kwantar da ita, na samo batir da inbata don fankarta. Jiya da la'asar na jona caja, na buɗe taga, na fita wanki. Da na dawo, tagar a rufe. Inna na bakin ƙofa riƙe da kaskon turaren wuta, garwashi jajir.

Na riƙe hannunta. "Inna, ina za ki da wuta?"

"Warin ruɓaɓɓen ƙwan nan, ɗiyata," ta ce. "Rannan ma haka na sa ma Mutari, na ja mishi taga da ƙofa, don shi yi kwana cikin ƙamshi."