Muryar da Aka Sauya

Kafin ya kai gidan rediyo hirar da ya naɗa da wani ma'aikaci, ɗan jaridar ya kunna wa matarsa ita. Ma'aikacin da ya tona asirin masana'anta mai zuba guba a kogi ya roƙe shi kada a gane shi. Shi kuwa ya yi alkawari, ya sauya muryar da na'ura har ta koma kamar daga cikin rijiya.

"Kin gane mai maganar?"

"Ina fa! Ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

Ya ɗauki jakarsa zai fita.

Tana ninke kaya ta ce, "Amma ka ce wa yayanka ya gyara fankar falonsa. Ji yadda take kuka a cikin hirar."

A hankali ya ajiye jakar.