Sifikun Halliru

Ranar Juma'ar kasuwar Wudil, a shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata, Halliru akawu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan su Indo, ya shigo zaure rungume da sifiku biyu na hannu, akwatunan ƙara sauti.

"Na ɗakinmu ne," ya ce yana shafa katakon. "Mu kalli talabijin, mu ji waƙa."

Indo ta dube su. Ƙurar gidan wani na nan daskare a ragarsu, har da kashin kyankyaso.

"Ba su da aibu ko kaɗan," ya ci gaba da fara'a. "Amma da na je wajen mai su sai na yamutsa fuska, na ce an sha amfani da su, wa zai ɗauka in ba ni ba? Nan take ya sauko. Ni in ina son abu, sai na kushe shi tukuna."

Sai Indo ta tuna. Jiya tana bayan ƙyaure ta ji shi yana gaya wa Kawu Dalhatu, waliyyinta, cewa bazawara ce, ta daɗe a gida, wa zai ɗauka in ba shi ba?

"Abin da ka yi wa Kawu jiya ke nan?"

Ya sosa ƙeya yana 'yar dariya. "Haba Indo, ai dabara ce. Kin san ina son ki."

Ta janye mayafinta kada ya goga jikin katakon.

"Malam Halliru, kwashi kayanka. Mai sifika ya sauko. Ni ba zan sauko ba."