Rumbun Sallau da Kwandon Waya

Sallau mai kilishi ne a bakin tashar Matameye. Shekarar da ya dawo daga ci-rani a Kano ya zo da sabuwar dabara. Ya buɗe shago a intanet, ya sa hotunan kilishinsa, mutanen Damagaram da na Yamai suna saye ta waya, shi kuma yana ba direbobi su kai. Ba laifi, yana samun na cefane.

A cikin wayar akwai shafin da ke nuna wa mai shago yadda ciniki ke tafiya. Layi uku ne, kowane da ɗan hoto a gefe. Mai hoton ido, waɗanda suka leƙo ke nan. Mai hoton kwando, waɗanda suka zaɓi kaya suka ajiye. Na ƙasa, mai hoton kuɗi, shi ne waɗanda suka biya. Rubutun da Faransanci yake, Sallau kuwa bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, sai ya riƙa bin hotunan.

Ana tsakiyar bazara wani ya yaɗa hoton kilishinsa a tsakanin 'yan Damagaram mazauna Yamai. Nan da nan layin kwando ya miƙe sama.

To, a kasuwar Matameye, in aka sallama wa mutum kaya ya ɗauka ya sa a kwandonsa, magana ta ƙare. Ko bai biya nan take ba, kunya ba za ta bar shi ya mayar ba. Da wannan idon Sallau ya dubi layin.

Ya shiga gida ya nuna wa matarsa Baiwa, tana tsaye a bakin turmi.

"Duba nan. Duk waɗannan sun ɗauki kaya. Abin da ke hannuna ko rabinsu ba zai isa ba."

"Sun biya, Baban Najaha?"

"Ke dai! Wa zai sa kaya a kwando ya mayar? Ai ba yara ba ne, ma'aikata ne."

"To da me za ka sayi naman?"

Ya juya yana kallon rumbu.

"Haba, Baban Najaha. Ko shuka ba a yi ba fa. Shi ne zai kai mu kaka."

"Hatsi yana tsada yanzu. In kuɗi suka shigo, zan mayar miki da ninkinsa."

Ranar kasuwa ya sussuke hatsin ya fitar, ya bar 'yan tiyoyi a gida. Ya sayi bijimi. Ya yanka nama fale-fale, ya shanya a kan gadon kara, ya tsoma a haɗin tunkuza da yaji, ya gasa. Ɗakin zaure ya cika da kilishi har ƙamshin yana kaiwa masallacin unguwa.

Lawali, direban da ke kai masa saƙo Damagaram, ya leƙo ya yi dariya.

"Alhajin intanet! Wannan ai sai na cire kujerun mota. Yaushe za mu ɗora?"

"Gobe ko jibi. Biya kawai nake jira."

Gobe ta wuce, jibi ta wuce. Layin kwando yana nan a sama. Na ƙasa kuwa bai motsa ba, sai mutum ɗaya nan, biyu can, kamar yadda aka saba. Sallau ya kira wani da ya bar lambarsa.

"Ranka ya daɗe, kayanka suna nan na ajiye maka."

"Wane kaya? Af, kilishi! Ai farashi kawai nake dubawa, Malam. Yatsa ne na danna."

Ya kira na biyu, ya ce bai ma tuna ba. Na uku bai ɗauka ba.

Sai ruwa ya sauka. Laima ta shiga zaure, kilishi ya yi laushi, ya fara fari-fari na fumfuna. Sallau ya karya farashi a tasha. Fasinjoji suka riƙa sansanawa suna mayar masa. Abin da ya rage ya haƙa rami bayan gida ya binne, don kada yara su ɗauka.

Tiyoyin gida suka ƙare tun hatsi bai kai gwiwa a gona ba. Aka koma kwaɗon zogale da ɗan garin rogo, sau ɗaya a yini. Manya suka jure. Najaha, autarsu da ba a daɗe da yayewa ba, ta fara zawo. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Ta daina kuka.

Da suka kai ta gidan likita, wata ma'aikaciya ta zagaya ɗan ma'auni a damtsen yarinyar, ya tsaya a kan ja.

"Tamowa ce, kuma ta yi nisa. Sai an kwantar da ita. Baba, akwai hatsi a gida?"

Baiwa ba ta dubi Sallau ba. Ta gyara goyo ta bi ma'aikaciyar ciki.

Ya zauna a kan benci a waje. Mutane suna shiga suna fita, wasu suna gaishe shi, yana amsawa bai san me yake cewa ba. Aka kira azahar, aka kira la'asar, yana nan zaune da hannuwansa a kan gwiwa. Ko yunwa bai ji ba.

Iyaye 'yan'uwana, waya tana nuna gaskiya, amma sai ga wanda ya san abin da take nunawa. In ba ka gane layi ba, ka tambaya tun kafin ka taɓa komai. Wanda bai biya ba bai saya ba, kuma abincin yara ba jari ba ne.